Targaɗen Wuya a Hanyar Falgore: Raunin da Ba a Yi Masa Kuɗi

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta rabu da titin Zariya a Kwanar Ɗangora, ta bi ta Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore zuwa ƙasar Doguwa har ta dangana da Saminaka da Jos, ya san wani irin haɗarin mota da ba a ba da labarinsa a rediyo. Mota ce za ta taka birki ba zato ba tsammani, ko dai saboda rami, ko garken shanu da ya ɓullo daga daji, ko shingen jami'an tsaro, sai wadda ke biye da ita ta dake ta ta baya. Babu wanda ya mutu, babu wanda ya karye, ko ɗigon jini ba a gani ba. Fasinjoji su fito suna salati, a yi wa juna barka da arziki, sa'an nan a zagaya bayan mota a duba fitilar da ta fashe da ƙarfen da ya lotse. A nan za a yi ciniki. Direban da ya yi karon ya ba da abin da za a kai wa mai gyara, dattawan cikin motar su sa baki a yafi juna, a kama hanya tun rana ba ta faɗi wa mutane a cikin daji ba.

A cikin wannan sulhu duka, ƙarfe kaɗai aka yi wa kuɗi. Babu wanda ya tambayi wuyan fasinjojin, su ma masu wuyan ba su san da abin tambaya ba, domin a lokacin ba su jin kome. Sai gari ya waye, ko ma an kwana biyu, wani daga cikinsu zai farka ya ji dokin wuyansa ya sanƙare, ciwon kai ya taso masa daga ƙeya, waiwaye ya gagare shi sai ya juya da jikinsa gaba ɗaya. A lokacin nan motar da ta yi karon ta daɗe da isa Jos, ba wanda ya riƙe lambarta, kuma an riga an ce an yafe.

Haƙiƙa al'adar yafiya abin alfahari ce, kuma ta hana rigingimu masu yawa a kan hanya. Amma gaggauta ta a bakin titi, minti goma bayan karo, tauye haƙƙi ne, ko da kuwa da kyakkyawar niyya aka yi. Mutum ba ya yafe abin da bai san girmansa ba. Abin sha'awa kuwa shi ne, ilmin likitanci na zamani da fiƙihun da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa sun haɗu a kan magana guda, watau ba a yanke wa rauni hukunci sai an ga inda ya tsaya.

Abin da ke faruwa cikin ƙiftawar ido

Ɗalibin da ya karanta dokar farko ta motsi, wadda Isaac Newton ya wallafa a shekarar 1687, yana da rabin bayanin a hannunsa. Dokar ta nuna cewa abin da ke tsaye ba ya motsawa, kuma abin da ke tafiya ba ya sauya tafiyarsa, sai wani ƙarfi daga waje ya tilasta masa. To idan aka daki mota ta baya, kujera tana tura gadon bayan fasinja gaba nan take. Kai kuwa babu abin da ya tura shi, saboda haka yana nan inda yake, jiki ya tafi ya bar shi a baya. Wuya ne kaɗai ya haɗa su, don haka shi ne zai ja kan. Kai ya fara lanƙwashewa baya, sa'an nan ya wurgo gaba da ƙarfi, duk a cikin ƙasa da rabin sakan. Wannan kaɗawa ce ta sa wani likitan ƙashi na Amurka, Harold Crowe, ya kamanta abin da kaɗawar bakin bulala a wani taron likitoci a San Faransisko a shekarar 1928, kuma sunan da Turawa ke kiran raunin da shi har yau, wiflash, ma'anarsa ke nan. A Hausa dai targaɗe ne, targaɗen wuya.

Lissafin ba shi da wuya. Kan baligi yana da nauyin kilo 4 da rabi zuwa 5. A ɗauka motar tana tsaye, aka dake ta, ta zabura da gudun kilomita 15 a awa, wanda bai fi gudun mai keke ba. Wannan ya yi daidai da mita 4 da ɗan ɗori a sakan guda. Idan motar ta sami wannan gudu a cikin kashi ɗaya bisa goma na sakan, ƙaruwar gudunta ta kai mita 40 a sakan a kowane sakan, watau ninki huɗu na ƙarfin da ƙasa ke jawo abubuwa da shi. Ke nan kai mai kilo 5 ya zama wa wuya tamkar kilo 20, nauyin jarkar ruwa mai lita 20, kuma ba a tsaye aka ɗora masa ita ba, fizgo ta aka yi ta gefe guda ba tare da ya shirya ba. Gwaje-gwajen da aka yi da motoci a Jami'ar Kalifoniya a 1955 ma sun nuna cewa fizgar da kai ke samu tana zarce wadda motar kanta ta samu.

Ƙasusuwan wuya guda bakwai ne, daidai da na raƙumin dawa duk da tsawon nasa wuyan. An jera su ɗaya bisa ɗaya, akwai faifan guringuntsi a tsakaninsu, akwai ƙananan mahaɗai biyu biyu ta bayansu, ga jijiyoyi masu ɗaure ƙashi da ƙashi, ga tsoka ta lulluɓe su, laka kuma ta ratsa ta tsakiya. An daɗe ana zaton lanƙwashewar kai can baya ita ce ke yin ɓarnar. Sai a shekarun 1990, da aka ɗauki hotuna masu sauri ƙwarai a Amurka da Japan, aka gano cewa tun kafin kai ya kai ko'ina, a cikin kashi ɗaya bisa goma na sakan na farko, wuya yana ɗaukar siffar harafin S: ƙasusuwan ƙasa sun karkata baya, na sama sun karkata gaba. Wuya ba ya yin wannan siffa a motsinsa na yau da kullum, kuma a lokacin ne ƙananan mahaɗan nan ke matsewa, jijiyoyinsu su miƙe fiye da ƙima. Tsokar wuya ba ta isa ta kare su ba, domin kafin saƙo ya je ƙwaƙwalwa ya dawo an riga an gama. Masu bincike a Jami'ar Niyukasil ta Ostireliya sun nuna a 1995 da 1996 cewa a cikin masu fama da daɗaɗɗen ciwon wuya bayan irin wannan karo, fiye da rabi daga waɗannan mahaɗai ciwon nasu yake fitowa.

Hanyar Falgore kuwa ta tara duk abin da ke haifar da karon baya. Shekaru da dama dajin ya yi ƙaurin suna wajen 'yan fashi, har a 2017 rundunar soja ta mayar da shi filin atisaye. Wannan ya koya wa direbobi gudu da kuma manne wa juna, kowa ba ya son a bar shi shi kaɗai. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin mita 28 a kowane sakan, kuma direba mai lafiya yana bukatar sakan guda ko fiye tsakanin ganin haɗari da taka birki. Wanda ya bar ratar mita 10 tsakaninsa da ta gabansa, da wuya ya kauce wa karo idan ta taka birki da ƙarfi. Daɗin daɗawa, ɗan matashin nan da ke saman kujera, wanda mutane ke ɗauka na jin daɗi ne, shi ne aka yi domin ya tare kai. Tun 1969 Amurka ta wajabta shi a kujerun gaba na sababbin motoci. Yana aiki ne idan samansa ya yi daidai da saman kai, kuma ratar da ke tsakaninsa da ƙeya ba ta wuce faɗin yatsu uku ko huɗu ba. Motocin haya da yawa an sauya musu kujeru da na ƙirar gida masu gajeren baya domin a sami wurin ƙarin mutum da kaya, waɗanda ko kafaɗa ba su rufewa.

Me ya sa ciwon ke jinkiri, hoto kuma ya ƙaryata shi?

Lokacin firgita jiki yana sakin sinadarin adiranalin da wasu sinadarai masu dushe zafi, saboda haka wanda aka fizge wa wuya yana iya taimakawa a tura mota bai ji kome ba. Kumburin tsoka da jijiya kuma a hankali yake taruwa, kamar yadda wanda ya wuni yana huɗa ba ya jin jikinsa sai washegari. Shi ya sa alamun kan ɗauki awoyi, wani lokaci kwana ɗaya ko biyu. Idan mutum ya je asibiti aka yi masa hoton ƙashi, mafi yawan lokaci za a ce ba a ga kome ba, kuma gaskiya ne, domin wannan hoto ƙashi yake nunawa, ba ya nuna tsoka da jijiya. Daga nan sai zargi ya fara: a gida a ce raki ne, a tasha a ce neman kuɗi ne. Mai ɗaki dai shi ya san inda yake masa yoyo.

A 1995 wani kwamitin masana a lardin Kwibek na Kanada ya kasa raunin mataki mataki, kuma likitoci suna amfani da wannan kashi har yanzu. Mataki na 1 ciwo ne ko sanƙarewa kawai. A mataki na 2 likita yana iya ganin wuya ba ya juyawa sosai, kuma akwai wuraren da ke zafi in an danna. A mataki na 3 jijiyoyin saƙo sun taɓu, hannu ya yi sanyi ko ya rasa ƙarfi. Mataki na 4 karaya ce ko gocewar ƙashi, kuma wannan maganar rai ce. Duk wanda bayan karo ya ji hannu ko ƙafa sun mutu, ko yana jin kamar kiyashi na bin su, ko fitsari ya ƙwace masa, ko yana amai da ruɗewa, ko kuwa dattijo ne da ya haura shekara 65, to a tallafe kansa kada ya motsa, a kwantar da shi a kan abu mai tauri, a kira jami'an kiyaye haɗura a lamba 122 ko a kai shi babban asibiti mafi kusa, daga can a tura shi Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano in da bukata. Maɗoran gargajiya sun yi wa jama'a hidima tun kafin a gina asibiti ko ɗaya, amma wuya ba hannu ba ne. Jan wuyan da ƙashinsa ya tsage, ko murɗa shi don a "mayar" da shi, yana iya yanke laka, mutumin da ya zo da ƙafafunsa ya koma a ɗauke har ƙarshen rayuwarsa.

Wanda aka tabbatar ba shi da karaya, maganinsa ya saɓa wa abin da hankali ke fara rayawa. A da akan ɗaura wa mutum kwalar soso a wuya makonni, a ce ya kwanta. Bincike ya nuna cewa wannan yana jinkirta warkewa, kuma wanda ya ci gaba da motsa wuyansa a hankali, ya sha maganin rage zafi, ya koma harkokinsa gwargwadon iko, in ya samu ya ga masu gashin ƙashi, shi ya fi saurin samun sauƙi. Da yawa suna warkewa cikin makonni kaɗan zuwa wata uku. Sai dai wani babban nazari na ƙasa da ƙasa da aka fitar a 2008 ya nuna cewa kusan rabin waɗanda suka sami raunin suna ba da labarin sauran ciwo bayan shekara guda, ko da yake ba duka ne ciwon ya hana su aiki ba. Mata sun fi maza kamuwa.

A kudancin Kano wuya kayan aiki ne. Da shi ake ɗauko ruwa da itace, da shi ɗan dako ke sauke buhun shinkafa a kasuwar Tudun Wada, da shi manomin masara a Doguwa ke wuni a sunkuye. Ma'aikacin ofis mai targaɗen wuya albashinsa na tafiya. Manomin da abin ya sama a farkon damina, ya yi makonni shida ba ya iya riƙe fartanya, ya yi asarar shekara ne, ko kuwa ya biya 'yan ƙwadago da kuɗin da ya tanada don taki. Wannan asara tana da adadi, ana iya lissafa ta da Naira kamar yadda aka lissafa fitilar mota.

Doka da fiƙihu

Dokar inshorar motoci ta kare mutum na uku an yi ta a Nijeriya tun 1945, kuma asalin manufarta mutum ne, watau wanda mota ta kashe ko ta ji wa rauni, har da fasinjan motar haya. A 2025 aka haɗe ta da wasu dokokin inshora a cikin sabuwar doka guda, wajabcin yana nan. Daga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa ta ɗaga kuɗin wannan inshora na ƙaramar motar gida daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga iyakar abin da za a biya na ɓarnar dukiya zuwa Naira miliyan 3, sa'an nan a Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara tilasta ta a duk faɗin ƙasa. Amma a idon mafi yawan direbobi takardar inshora ba ta wuce abin nuna wa ɗan sanda a shinge ba. Wasu takardun ma na jabu ne, 'yan cuwa-cuwa suka buga su, alhali kuwa akwai rumbun bayanai na ƙungiyar kamfanonin inshora inda ake duba lambar mota ta wayar hannu a san ta gaskiya. Kamfani kuwa da ya karɓi kuɗi shekara da shekaru, babu wanda ya taɓa zuwa neman diyya, ba zai aiko a tuna wa kowa ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma sai kuturun ya kawo kansa.

Akwai masu ganin neman diyya a kan haɗari rashin tawakkali ne, ko kuwa baƙuwar ɗabi'a ce. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996 Miladiyya, kuma almajirai ke karanta shi a ƙasar nan ɗaruruwan shekaru, bai goyi bayan wannan fahimta ba. A babin jinane da haddodi ya ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan mai kora ta, da mai jan ta, da wanda ke kanta, kuma malaman zamani a kan wannan suke ƙiyasta direban mota. Ya ƙayyade diyyar rai raƙuma 100 ko dinari 1,000, haƙori raƙuma 5, yatsa raƙuma 10, karyewar gadon baya cikakkiyar diyya. Raunin da ba a ƙayyade masa kome ba an bar shi ga ijtihadin alƙali. Duk wannan a kan kuskure ake magana, ba ganganci ba. Imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke lamuni daga kan wanda ya yi sakaci ba.

Ƙa'idar da ta fi dacewa da targaɗen wuya ita ce wadda ta ce ba a biyan diyyar rauni sai bayan ya warke. Hikimar a fili take: rauni yana iya ƙaruwa, yana iya barin naƙasa, yana iya tafiya ba tare da ya bar kome ba, kuma ba mai sanin wanne ne ranar farko. Hausawa ma sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Gaskiya ne littafin ya nuna cewa ƙaramin raunin kuskure da ya warke sarai babu diyya a cikinsa. Amma wasu manyan malaman mazhabar, irin su Ibn Arafa na Tunis, sun ga dacewar a ɗora wa wanda ya yi raunin ladan likita da kuɗin magani a inda babu ƙayyadajjiyar diyya. Wanda ya yafe bayan ya san abin da ya same shi ya yi sadaka, lada kuma na jiransa. Wanda aka sa ya yafe cikin ruɗewa, jama'a na kallonsa, dare na ƙaratowa, kunya ce kawai ta yi aiki.

Gani ga wane

Ba za a rufe ido ga ɗaya ɓangaren ba, domin yana da hujja mai ƙarfi. Raunin da hoto ba ya nunawa ƙofa ce a buɗe ga maƙaryaci. Tun a 1866, da wani likitan Landan, John Erichsen, ya yi rubutu a kan ciwon baya da wuya na waɗanda haɗarin jirgin ƙasa ya rutsa da su, ake gardama a kotunan Ingila a kan wa ke ciwo, wa ke riya. A ƙarni na 21 abin ya zama sana'a a can: kamfanoni masu buga wa mutane waya suna zuga su su kai ƙara, da gungun 'yan damfara masu taka birki da gangan don a dake su. Kamfanonin inshora suka yi kukan cewa abin na cin kimanin fam biliyan 2 a shekara, har Firayim Minista David Cameron ya kira ƙasarsa hedkwatar wannan rauni a Turai a 2012. Daga ƙarshe aka yi doka a 2018, ta fara aiki a Mayun 2021, wadda ta ƙayyade kuɗin a lokacin daga fam 240 ga ciwon da bai wuce wata uku ba zuwa fam 4,215 ga wanda ya kai shekara biyu, ta kuma haramta biyan kowa ba tare da shaidar likita ba.

Akwai ma abin da ya fi wannan ɗaure kai. A 1996 wasu likitocin Norwe da Lituwaniya suka bincika mutum 202 da aka daki motocinsu ta baya a birnin Kaunas, a lokacin da kusan babu inshorar rauni a ƙasar, mutane kuma ba su san da wani ciwo mai wannan suna ba. Sai suka tarar daɗaɗɗen ciwon wuya bai fi yawa a cikinsu ba a kan waɗanda ba su taɓa yin haɗari ba. A lardin Saskacewan na Kanada kuma, da aka daina biyan kuɗin raɗaɗi a 1995, aka koma biyan magani da asarar aiki kawai ba tare da shari'a ba, masu neman diyya suka ragu da kashi 28 cikin ɗari, tsawon lokacin rufe fayil ya sauko daga kwana 433 zuwa kimanin 200. An soki binciken biyu, an ce mutanen Kaunas sun yi kaɗan kuma yawancinsu maza ne, an ce rufe fayil ba shi ne warkewa ba. Duk da haka darasin bai faɗi ba: tsoro, da tsammanin naƙasa, da doguwar shari'a wadda ke tilasta wa mutum ya yi ta tabbatar da cewa ba shi da lafiya, suna iya tsawaita ciwo na gaske.

To amma kudancin Kano ba ta fama da cutar Ingila. Tata cutar kishiyar wannan ce, kuma ba a ba mai yunwa maganin ƙiba. Abin ɗauka daga can shi ne siffar diyyar da ta dace: ta zama daidai da asara, watau kuɗin asibiti da magani da kwanakin aikin da suka salwanta, ta dogara a kan takardar likita, a kuma biya ta da wuri, kafin mutum ya mayar da ciwo abin ado.

Saura tambayar wanda zai biya. Babban dalilin da ke sa fasinja yafewa shi ne yana ganin direban, ya san shi ma talaka ne, motar ba tasa ba ce, kuma da yamma sai ya kai wa mai ita balas. A fiƙihun Malikiyya dangin mai laifi, waɗanda ake kira aƙila, suna ɗaukar diyyar kuskure ne idan ta kai sulusi, abin da ya gaza haka yana kan mai laifin shi kaɗai, kuma yawancin targaɗen wuya a nan zai faɗa. Inshora ta gaskiya ita ce za ta ɗauke wa direba wannan nauyi. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba saboda saɓanin malamai, akwai takaful, wadda hukuma ta fitar wa ƙa'idoji tun 2013, kuma akwai kamfanoni masu lasisin yin ta. Har ila yau ƙungiyoyin direbobi, waɗanda ke karɓar kuɗi a kan kowace mota da ta yi lodi a tasha, su ne suka fi kama da aƙila a wannan zamani. Da za su ware wani ɗan kaso a asusun jinyar fasinja, a biya a kan rasit na asibitin gwamnati kaɗai, da an rufe bakin maƙaryaci, an kuma share hawayen mai gaskiya ba tare da an je gaban alƙali ba.

Kafin a kai ga haka, hujja ce jarin wanda aka ji wa rauni, kuma hujja a ranar farko ake tara ta. Kamfanin inshora da kotu duka za su nemi rahoton 'yan sanda ko na jami'an kiyaye haɗura, da takardar likitan da ya fara duba mutum, mai ɗauke da kwanan wata. Wanda ya bari sai bayan wata guda ya je asibiti, da wuya ya iya nuna cewa karon ne sanadi. Neman haƙƙi a kotu yana da wa'adi, kuma idan motar hukuma ce ta yi karon wa'adin yana iya zama wata uku kacal, saboda dokar da ke kare jami'an gwamnati. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya, Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976 kuma take da ofis a Kano, ƙararrakin haɗari suna cikin aikin da doka ta ba ta.

A gidaje da yawa na Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, ɗan sakandare shi ne mai karanta takarda da rubuta ta, kuma sau da yawa shi ne a kujerar baya ranar komawa makaranta. Ba ya bukatar ya ɗaga wa dattawa murya ko ya hana sulhu. Ya isa ya ciro biro da takarda ya rubuta rana da lokaci da wuri, lambar motocin biyu, sunan direbobin da tashar da suka yi lodi, sunan kamfanin da ke jikin takardar inshora, da shaidu biyu. A ƙasa ya ƙara layi guda, cewa abin da aka biya na gyaran mota ne, maganar lafiyar fasinjoji kuwa an jingine ta sai bayan kwana bakwai, direbobin biyu su sa hannu.